Kifi Shida Na Saya, Biyu Suka Rage

Makon nan layi ya zo kaina, kuma labarin kifi na kawo muku, sai dai ba na kaskon suya ba.

Ni mutumin Wudil ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a garinmu a hanyarsa ta tafiya ya san da kifi aka san mu. Amma iya sanina da kifi bai wuce a soya ƙarfasa a barbaɗa mata yaji ba, sai kuma tarwaɗar da kakanmu ya jefa a rijiyar gida don ta riƙa cinye ƙwari. Shekaru ta yi a ciki ita kaɗai, babu wanda ya taɓa tunanin ko tana bukatar abokin zama, balle a tsaya zaɓar mata wanda halinsu ya zo ɗaya. Da wannan ilimin na shiga harkar kiwon kifin teku a akwatin gilashi.

Aiki ne ya kai ni Jidda, a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Bayan na zauna da gindina sai iyali suka biyo ni. 'Yata a lokacin shekararta 6. Yarinyar da ta saba da tsakar gida cike da yara, sai ga ta a hawa na uku, ƙofa a rufe, waje kuma zafi da gumi. Ta zama shiru-shiru, abin ya dame ni. Wata Juma'a da yamma na kai su Fakieh Aquarium da ke bakin teku, inda ake baje kolin halittun Bahar Maliya. Ta manna hancinta a gilashi ta ƙi matsawa. Rabon da in ji ta tana zuba surutu haka tun muna gida. A hanyar komawa na ce wa mahaifiyarta zan kawo mata teku cikin falo. Ta dube ni ta ce, "Abban yara, Allah ya sa ba wata sabuwar hanyar kashe kuɗi ka samo ba."

Na sayi tanki mai cin lita 200, tsawonsa santimita 90. A ɓangaren ruwa ban yi wasa ba, don awo sana'ata ce. Da farko na yi tunanin ɗaukar jarka in je in ɗebo a bakin teku, sai na gane ruwan bakin gari ba shi da tsafta, kuma Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri: kusan giram 40 a kowace lita, saboda rana na ƙafar da ruwanta kuma babu wani babban kogi da ke kwarara cikinta. Abin da ake so a tanki giram 35 ne. Don haka tataccen ruwa nake haɗawa da gishiri na musamman, zafinsa kuma in tsayar da shi a digiri 25. Na zuba yashi, na jera duwatsu masu ramuka, na jira sati 6 har ƙwayoyin bakteriya masu narkar da amoniyar da ke fita daga kashin kifi suka kafu. Sannan na dasa murjani. A da na ɗauka murjani dutsen ado ne kawai, irin jan nan da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya. Ashe dabba ce mai rai, taron ƙananan halittu masu baki, kuma irin wanda ke gina tsaunukan ƙarƙashin teku yana rayuwa ne tare da wata gansakuka a cikin jikinsa wadda ke sarrafa masa abinci daga haske.

Duk wannan na karanta shi dalla-dalla. Abu ɗaya ne ban ɓata minti biyar a kansa ba: wane kifi ne zai iya zama da wane. A ganina kifi ai kifi ne, tunda ruwa ɗaya suke sha.

A shagon da nake zuwa akwai wani ma'aikaci ɗan ƙasar Filifin. Duk kifin da na nuna sai ya ce, "Sadik, me da me ke cikin tankinka? Lita nawa ne?" Ni kuma sai in ji kamar bin diddigi yake yi mini. Da kuɗina na zo, ina ruwansa da abin da ke gidana?

Na fara da wani ɗan baƙin kifi mai ɗigo uku farare, daga dangin da ake kira damsil. Shi ne mafi araha a shagon, ga shi da juriya. Mutumin ya ce mini wannan in ya riga kowa shiga, tankin ya zama nasa. Na yi dariya, kifin da bai fi kan babban yatsana ba. Bayan sati ɗaya na koma na ɗauko guda biyu na kifin da kowa ke kira Nemo tun fitowar fim ɗin nan na 2003, mai ruwan lemo da farin ɗamara uku. Na zaɓi manya biyu mafi kyau, kowanne daga tankin da yake zaune shi kaɗai. Na haɗa da kifin wuta, wani siriri mai farin gaba da jan baya, da dogon tsinke a gadon bayansa da yake kaɗawa. Bayan sati biyu na ƙaro mandarin, wanda zanen jikinsa ya fi na atamfa, sai kuma shuɗin nan mai rawayar wutsiya da yara ke kira Dory, don yarinyar ta ce Nemo ba ya zama babu Dory. A kan waɗannan biyun ma sai da mutumin ya girgiza kai. Na biya na fita.

Kifin wuta ne ya fara tafiya. Tun da ya shiga baƙin nan ya sa shi a gaba, duk ramin da ya nufa sai ya tarar da shi a bakin ƙofa. Kifin wuta matsoraci ne, in ya firgita sama yake yi kamar kibiya, ni kuma ban sa wa tankin murfi ba. Ran kwana na huɗu da safe yarinyar ce ta tsinto shi a kan tayil, ya bushe.

Sai rikicin Nemo biyu. Na zaci wasa suke, har na ga sun kama bakin juna suna juyi. Ɗayar ta koma can saman lungu kusa da injin tura ruwa, fiffikenta duk a yage, ko abinci ba ta saukowa ci. Da na bincika sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Wannan kifin babu wanda ake ƙyanƙyashewa mace. A cikin kowane gungu, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, mai bi masa ya zama mijinta, sauran su zauna ƙanana suna jiran layi. Wanda ya daɗe shi kaɗai yakan zama mace, kuma wadda ta zama mace ba ta komawa namiji. Wato mata biyu na sayo, kowacce ta saba da mulkin ɗakinta. Da na yi wa uwargida bayani sai ta ce, "Au, kishiyoyi biyu ka haɗa a ɗaki ɗaya, babu ko miji? To ai ka ga abin da ka nema." Kafin in yi wani yunƙuri mai rauni ta mutu.

Mandarin kuwa babu wanda ya taɓa shi. Yunwa ce ta kashe shi a gaban idona, alhali kullum ina zuba abinci. Shi ba ya kula abincin gwangwani. Yini yake yi yana bin duwatsu yana tsintar wasu ƙananan ƙwarin ruwa masu rai, waɗanda ba sa yawaita sai a tankin da ya daɗe da kafuwa, mai duwatsu da yawa. Nawa ko wata uku bai yi ba. Cikin 'yan kwanaki ya cinye ɗan abin da ke akwai, daga nan cikinsa ya fara lotsawa.

Dory da na sayo bai wuce santimita 4 ba, amma irinsa na kaiwa santimita 30, kuma kifin gudu ne, masu harkar suna ba shi tanki mai tsawon kusan santimita 180, ninki biyu na nawa. Ga ƙunci, ga baƙin nan na korarsa, jikinsa ya yi rauni. Wata safiya na ga fararen ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga kansa a dutse. Cutar farin ɗigo ke nan, wata ƙwayar halitta da ke shiga fata da wurin numfashin kifi, kuma danginsu Dory sun yi suna wajen saurin kamuwa da ita. Maganin da aka fi sani yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda ke kashe murjani da jatan lande da katantanwa, don haka ba a zuba shi a tankin murjani. Ba ni da wani tankin da zan ware shi. Kafin in haɗa, ya mutu, ɗigon kuma ya bayyana a jikin Nemo da ta rage.

Daren ranar ina kwashe gawarsa da 'yar koma, yarinyar na tsaye a bayana. Ta ce, "Abba, wa yake kashe su?" Na buɗe baki zan ce baƙin kifin nan ne, sai na fasa. Shi halinsa ya nuna, halin da Allah ya yi shi da shi, kuma an gaya mini tun a shago. Na ce mata, "Ni ne, don na haɗa waɗanda ba sa zama tare." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ka daina." Kuɗin da suka tafi sun dame ni, amma ba kamar wannan maganar ba. Na kawo tankin don ta sake, sai ya zama kowane mako gawa nake nuna mata.

Ita wannan cutar ba a jikin kifi kaɗai take zama ba. Takan faɗo ta maƙale a yashi da duwatsu, ta hayayyafa, 'ya'yanta su fito neman sabon kifi. In babu kifi sai su mutu. Shi ya sa masu harkar ke ba da shawarar a kwashe kifi duka a bar tankin haka nan har kwana 76. Kama baƙin nan kuwa sai da na fitar da duwatsun tankin ɗaya bayan ɗaya, kafet ya jiƙe, uwargida na tsaye riƙe da ƙugu. Na mayar da shi shago kyauta. Nemo na sa ta a ƙaramin tanki na yi mata magani har ta warke.

A waɗannan kwanaki 76 na koma wajen mutumin nan ɗan Filifin, wannan karon da littafi da biro. Kuma a lokacin ne na je ninƙaya da tabarau a gaɓar arewacin Jidda, na ga abin da ya warware mini komai. A can ma faɗa ake yi. Na ga ɗan damsil ya taso wa kifin da ya ninka shi sau goma, babban ya kauce ya yi gaba abinsa, magana ta ƙare. A teku wanda aka kora yana da wurin gudu. A tankina kuwa in ya gudu santimita 90 sai ya ci karo da gilashi ya juyo, mai korar ya ga ai taurin kai yake yi masa, ya ƙara ƙaimi. Duk maganar zaɓen kifi a nan take: tunda ka toshe musu hanyar gudu, dole ka zaɓi waɗanda ba za su bukaci gudu ba.

Daga nan na tsayar wa kaina tambayoyi huɗu kafin in sayi kowane kifi.

Ta farko, ina girmansa zai kai? Kusan duk abin da ke shago yara ne. Akwai wani ɗan uwan Dory na Bahar Maliya da ake kira sohal, mai zane-zane a jiki, yana kaiwa santimita 40, ga masifa. Danginsu duka suna da wata ƙaya mai kaifi kamar aska a gindin wutsiya, da ita suke yanka abokin faɗa. Kowa na cewa in ya girma zan sayi babban tanki, amma kifin ba ya jiran albashinka.

Ta biyu, me yake ci? Wannan tambayar kaifi biyu ne da ita: ko zan iya samar masa abincinsa, kuma ko abincin nasa maƙwabtansa ne. Kifin zaki, mai dogayen ƙayoyi masu dafi, duk abin da ya shiga bakinsa haɗiyewa yake. Masu ƙaƙƙarfan haƙori irin su tiriga suna farfasa jatan lande da kaguwa da katantanwa, waɗanda su ne masu sharar tanki. Da yawa daga kifayen malam-buɗe-littafi murjani suke tsattsaga. Akwai wani rawaya mai shuɗin tabo a ido, ɗan asalin Bahar Maliya, har yau in na gan shi sai raina ya biya, amma na san kuɗin murjanina.

Ta uku, wa ya yi kama da shi a cikin waɗanda nake da su? Kifi ya fi tsanar wanda ya yi kama da shi a launi, ko siffa, ko wurin zama, don a idonsa wannan ne zai ci abincinsa ya ƙwace raminsa. Don haka akan raba tanki kamar gidan bene: wani a yashi, wani a ramukan dutse, wani a tsakiyar ruwa, kowa da hawansa da kalar abincinsa.

Ta huɗu, wa zai riga wa shiga? Matsorata ne ke fara shiga su san ramukan ɓuya, masu zafin kai su zo a ƙarshe su tarar kowa ya kama wurinsa. Ni kuwa na fara da sarkin faɗa. Ba kuma a zuba su lokaci ɗaya, don bakteriyar da ke tace ruwa na bukatar lokaci ta yawaita daidai da sabon nauyi. Sannan kowane baƙo sai ya yi kamar wata guda a ƙaramin tanki shi kaɗai ana duba lafiyarsa kafin ya shiga cikin jama'a.

Da wa'adi ya cika na sa wa tankin murfin raga, na sake farawa. Na farko wani gobi ne rawaya mai zama a yashi, tare da abokinsa, wani jatan lande mai haƙa rami wanda ba ya gani sosai. Shi ke haƙa gidan da suke kwana su biyu, gobin kuma ya tsaya gadi a ƙofa. In jatan landen zai fito da yashi sai ya ɗora dogon gashin kansa a jikin gobin, da gobin ya kaɗa wutsiya sai duka su faɗa rami. Yarinyar ta sa musu suna Maigadi da Birkila. Sai sabon kifin wuta guda ɗaya. Sai wani ɗan bileni mai kiwon gansakuka a kan duwatsu. Sai kadinal na tsibiran Banggai da ke Indonesiya, mai ratsin baƙi da ɗigon azurfa, wanda namijinsa ke ɗaukar ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe. Shi wannan kamun da ake yi masa don kasuwa ya sa tun 2007 aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, don haka na nemi wanda aka haifa a gidan kiwo. Yanzu duk kifin da ake samun na kiwo shi nake saya: ya saba da abincin gwangwani, kuma ba a taɓa teku ba. Mutumin shagon ya ba ni labarin yadda a wasu gaɓoɓin ƙasarsu da Indonesiya masunta ke fesa gubar sayanaid a ramukan murjani don kifi ya suma su ɗauka, gubar ta kashe murjanin, kifin ma sau da yawa ya mutu bayan an sayar da shi.

Tsohuwar Nemo ita ta shiga a ƙarshe, kuma da miji. Na samo mata ɗan ƙarami wanda bai kai rabinta ba, na sa shi cikin wani akwatin roba mai huji a tankinta na kwana biyar suna kallon juna. Ran da na sake shi ta taso masa, zuciyata ta tsinke. Sai ya karkata gefe ya kama karkarwa kamar mai jin sanyi. Haka suke nuna sun miƙa wuya. Ta zagaya shi sau biyu ta ƙyale shi. Uwargida da ke kallo ta ce, "Ka ga mai hankali."

Akwai wanda na bari da ciwo a raina. Wani ɗan kifi ne shunayya, mai baƙin layi a ido, asalinsa Bahar Maliya, bai fi santimita 7 ba, ana kiwonsa, kuma ba ya taɓa murjani. Tambayoyi biyu na farko duk ya tsallake su. Amma danginsa masu tsaron rami ne, siffarsa kuma siririya ce kamar ta kifin wuta, a ramuka ɗaya za su nemi kwana. Wasu sun haɗa su sun zauna lafiya. Ni dai na riga na taɓa tsintar kifin wuta a kan tayil, ban sake gwada sa'ata ba.

Yau shekara biyu ke nan, kifi shida ne a tankin, kuma su shidan da na zuba ne. Wanda ya zo gidan yakan ce ai akwai sauran wuri, me ya sa ba za ka ƙara ba? Nakan ce wurin da kake gani babu kowa shi ne ya hana su faɗa. Dory kuwa in yarinyar ta yi kewarsa, akwai inda ake ajiye irinsa a ruwan da ya ishe shi, can muke zuwa mu gan shi.

Kwanan baya wani abokina a Abuja ya turo mini hoton sabon tankinsa da hotunan kifi tara da yake so. Na duba na ga kifin zaki a ciki tare da jatan lande da gobi. Na ce masa kada ya biya ko sisi tukuna, ya rubuto mini tsawon tankin, da girman da kowannensu zai kai, da abin da yake ci. Har yanzu bai amsa ba, ina jin ya ɗauke ni mai bin diddigi. In akwai mai wannan sha'awar a cikinku, ya rubuta jerin kifinsa a takarda ya nuna wa wanda ya riga shi, tun kuɗin na aljihu.

Gyara da sharhi a buɗe suke kamar kullum. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.